Safiyar da Motar Alhaji Ta Ƙi Tashi

Bara da sanyi Hadiza ta same ni a tsakar gida ina shafa wa wani tsohon linzami man shanu, ta tambaye ni abin da mutumin da bai taɓa mallakar doki ba yake yi da kayan doki. Na ce mata sai na rubuta, domin amsar tana haɗe da wata magana da ku 'ya'yana kuka tashi kuna ji a bakin 'yan'uwanku na Gwiwa, wai ubanku ne direban da ya kasa tayar da mota har aka binne Malam na Roni kakanku bai samu sallar gawa ba. Rabin maganar gaskiya ne. Motar ta ƙi tashi, kuma ni ne direbanta. Ɗaya rabin ne ban taɓa faɗa ba, saboda waɗanda abin ya shafa suna raye. Yanzu duk sun riga mu gidan gaskiya, saura ni.

Abin ya faru 'yan shekaru kafin Turawa su miƙa mulki. Kakanku, wanda kowa a gida yake kira Alhaji, fataucin gyaɗa da fatu yake yi tsakanin Gwiwa da Kazaure da Babura, wani lokaci har ya tsallaka iyaka ya leƙa ƙasar Faransi. Mutum ne mai adalci, mai saurin fushi, kuma idan ya furta magana a gaban mutane ba ya komawa ya lashe ta. Ni ne ɗansa na fari. Ya tura ni Kano na koyi tuƙi da gyara a garejin wani Bayarabe a Fagge, da na dawo kuma ya sayar da dawakinsa biyu, Akawal da Bidi, ya ƙara da abin da ya tara, ya sayi tsohuwar a-kori-kura a hannun wani Kwara, cikin Larabawan nan 'yan kasuwa. Koriya ce, mai katako a baya, ƙofar direba ba ta rufuwa sai an ɗaga ta. A garinmu lokacin, in ka cire manyan motocin da ke zuwa kwasar gyaɗa da motar Di'o in ya zo rangadi, babu wata mota sai ita.

Akwai mutum ɗaya a gidan da wannan ciniki ya bari ba aikin yi. Baba Nagoma shi ne mai kula da barga tun zamanin kakana. Ba mu haɗa jini da shi ba, kuma a gidan ba a tayar da zancen yadda iyayensa suka zo. Matarsa ta rasu da daɗewa, bai bar ɗa ba, ba shi da gona, ba shi da wani gari da zai ce nasa ne. Ɗakinsa na jikin barga, kuma a nan na yi rabin ƙuruciyata, domin shi ya fara ɗora ni a kan doki, shi ya koya mini yadda ake duba kofato da yadda ake gane dabba ba ta da lafiya tun kafin ta ƙi cin abinci. Ranar da masu saye suka ja dawakin, ya bi su a ƙafa har bayan gari yana faɗa musu wanda ba ya son a taɓa masa kunne da wanda ke shan ruwa da yawa. Da ya dawo ya tarar an shigar da motar ƙarƙashin rumfar bargar, don babu wata inuwa a gidan da za ta ɗauke ta. Turakun ma ba a tuge su ba. Ya zagaya ta, ya dafa bonet ɗin da tafin hannu, ya ji ɗumin inji.

"Ilu, wannan me take ci?" ya tambaye ni.

"Fetur, Baba."

"Kaɗai? To ai ba za ta yi ƙiba ba."

Daga ranar ya ɗauke ta a matsayin abin kiwonsa. Ya share ƙarƙashinta, ya goge jikinta, ya kori awaki daga tayoyinta. Alhaji ya ga haka ya yi murmushi. Wanda ya ce wani abu shi ne Baffa Isiyaku, ƙanen Alhaji, mai riƙe da harkar awo. Ba mugu ba ne, mutum ne da yake kallon kowane ɗaki ya ga buhu nawa zai ci. Tun da kaka ya fara cewa ɗakin barga ya dace da ajiyar gyaɗa, tsohon kuma a kai shi ƙauyen gona ya riƙa gadin rumbuna. Ƙauyen gonar bukkoki ne uku da rijiya mai nisa. Kowa ya san mai shekarun Baba Nagoma ba zai ga damina biyu a can ba. Alhaji yakan ce a bar maganar, amma bai taɓa cewa an rufe ta ba.

Da damina da farkon kaka motar ba ta ba ni wahala ba. Sanyi na shigowa ta canza hali. Da rana lafiya lau, ka murɗa makulli ka taka ta tashi. Da safe kuwa sai injin ya juya da ƙyar kamar mai ciwon baya, wani lokaci sai na sa hannun ƙarfe ta gaba na juya shi da ƙarfina. Ban damu ba da farko, don na san batir yana yin rauni da sanyi, man inji kuma yana yin kauri. Sai fitilar hagu ta fara ƙyaftawa a hanya. Sai wata asuba, muna alwala, odar motar ta kama kuka ita kaɗai ba kowa a ciki, har liman ya leƙo daga masallaci. Mata suka ce aljanun barga ne ke neman dawakinsu. Baffa Isiyaku ya ce aikin abokan hamayya ne na kasuwa, ya sa aka yi rubutu aka yayyafa wa tayoyi. Ni kuma na bi wayar oda na tarar an ɗan gwaguye rigarta, tagullar ta fito tana taɓa ƙarfe. Na ga kashin ɓera a wurin. Na naɗe wayar, na aro kyanwa a maƙwabta, na ɗauka magana ta ƙare. Abin da ban tsaya na tambayi kaina ba shi ne me ɓera yake nema a jikin waya, alhali ga buhunan gyaɗa jibge a zaure.

Baba Nagoma a nasa ɓangaren ya ga dabbarsa na jin sanyi, ya yi mata abin da ya sani. Ya kewaye rumfar da zana. Ya fito da tsohon bargon Bidi yana lulluɓe bonet da shi da zarar na dawo. Na yi masa godiya, don hakan yana taimakon injin da safe.

Ana cikin haka, wata safiya da sanyi ya kai ruwan buta yana cizon hannu, mun fito daga sallar asuba sai ga wani a kan keke daga Roni, bakinsa na rawa. Malam ya rasu, za a yi jana'iza da hantsi. Wannan Malam shi ya riƙe Alhaji tun yana yaro maraya, a gabansa ya sauke Alƙur'ani, shi ya yi masa auren fari. Alhaji ba ya kiran sunansa, kuma bai taɓa zama a kan tabarma ɗaya da shi ba. Ya yi salati, ya juyo gare ni.

"Fito da mota."

Na cire bargo, na shiga, na murɗa makulli, na taka. Ƙyas, shi ke nan. Na kunna fitila, ta yi ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Na sa hannun ƙarfe na juya har kafaɗata ta yi zafi, injin ko tari bai yi ba. Aka tara samarin unguwa aka tura ta daga ƙofar gida zuwa bakin kasuwa, aka sake turo ta, ina sakin kuloci tana jijjiga tana yin shiru. Da tun farko an nemi aron doki, da Alhaji ya isa Roni da sauran lokaci. Amma wa zai je aron doki ga mota a ƙofar gidansa? Kowa yana ganin a turi na gaba za ta tashi. Sai da rana ta fito sosai Alhaji ya sauko daga gaban motar. Dawakin kirki na garin duk sun fita ƙauye, abin da aka samu wata tsohuwar goɗiya ce ta mai unguwa. Baba Nagoma ya ɗaura mata sirdi da hannunsa yana gunaguni cewa da Akawal na nan da yanzu an wuce duwatsu.

Baffa Isiyaku ya matso kusa da Alhaji, amma da murya wadda kowa zai ji.

"Yaya, wannan ba banza ba. Mota jiya lafiya, yau a ce ta mutu? Da hannun wani a ciki."

Alhaji yana kan goɗiya, idonsa ya yi ja. Ya dubi taron ya ce:

"Wallahi duk wanda ya jawo mini wannan, ko wane ne, ba zai ƙara zama a gidana ba."

Ya tafi. Daga baya muka ji ya isa ya tarar ana dawowa daga maƙabarta.

Na sa aka mayar da motar rumfa, na kori 'yan kallo, na zauna na yi aikin yadda aka koya mini a Fagge, wato kada ka yi zato, raba matsalar biyu, ka ga a wane rabi take, ka sake rabawa. Na je wurin sikeli, inda ake awon gyaɗa, na roƙi direban wata babbar mota ya ara mini batir zuwa magariba. Na kashe komai na motar, na ɗaura waya ɗaya, na ɗan taɓa ɗayar a kan batir. Sai ga tartsatsi ƙarami. Ma'anarsa wani abu yana shan wuta alhali komai a kashe yake, kuma shi ya kwana yana tsotse batir ɗina. Na riƙa cire wayoyi ɗaya bayan ɗaya ina sake taɓawa, har na cire wadda ke bi ta ƙarƙashi zuwa fitilun baya, tartsatsin ya ɗauke. Wannan laifi ɗaya ke nan. Amma bai bayyana dalilin da ta ƙi tashi da turi ba, don ko batir ya yi rauni ya kamata ta yi ko tari. Na ɗauko ƙwan fitila mai waya biyu da nake gwaji da shi, na bi hanyar wuta daga makulli zuwa kwayil, abin da ke ba fulogi wuta. A makulli ƙwan ya kama. A kwayil bai kama ba. Tsakaninsu wayar ta shige wani lungu a bayan inji inda ido ba ya kaiwa. Na kwanta a ƙasa na zura hannu, na jawo ta, sai ta biyo ni guntu biyu.

A lungun akwai sheƙar ɓera da aka yi da zaren bargo da ɓawon gyaɗa. Wayoyin wancan zamani roba ce a ciki, an saƙa mata rigar zare a waje. Duk inda na taɓa, rigar ta jiƙe ta yi laushi, robar ta kumbura tana narkewa a yatsa kamar ƙullu. Ba baƙin mai ba ne, ba giris ba ne. Na kai yatsana hanci. Warin da na ji na san shi tun kafin in san harafi: tsohon man shanu a jikin kayan doki.

Na daɗe a kwance a ƙarƙashin motar. Duk shekara idan sanyi ya shigo fata tana bushewa ta tsage, don haka Baba Nagoma yakan bi linzami da majayi da duk wata igiya ta sirdi ya shafe su da man shanu, sannan ya rataye su can sama inda ɓera ba ya kaiwa. A wannan shekarar kuwa ya buɗe bonet ya ga igiyoyi sun yi tauri da sanyi. Ya yi musu abin da ake yi wa igiya. Sai dai waɗannan ba sa ratayuwa. Man ya ci robar, ƙanshinsa ya kira ɓeraye, zana da bargo suka ba su ɗaki mai ɗumi, sanyi kuma ya karya ƙarfin batir. Babu aljani, babu abokin hamayya.

Duk da haka ban yarda da hancina kaɗai ba. Na shiga cikin gida wurin Inna. Kun san ta a tsufanta tana wasa da ku, amma ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, ba ta kuma kallona ido da ido. Tana tankaɗe na durƙusa daga gefe.

"Inna, har yanzu Baba Nagoma na karɓar man shanu?"

"Bana ma ya fi karɓa," ta ce da rariyar. "Na ce masa dawakin sun tafi, ko kai ne ka koma sha? Ya ce akwai mai buƙata."

Ta ci gaba da tankaɗe, sai hannunta ya tsaya. Ta dubi baƙin man da ke hannuna da guntun wayar da na manta ina riƙe da ita. Mace ce mai saurin ganewa.

"Wa ya sani?"

"Ni da ke."

Ta koma kan tankaɗenta, ni kuma na tashi.

Kafin magariba na yanke duk wayar da ta lalace na sa sabuwa daga abin da na zo da shi daga Kano, na wanke sauran da fetur, na ƙone sheƙar. Na tayar da motar da batir ɗin aro, na mayar da nawa, na yi ta zagaya gari har ya ɗauki caji. Mutane suna ganina suna girgiza kai, ga mota tana tafiya bayan an gama binne wanda za a je dominsa.

Washegari da sassafe na fito na tarar da Baba Nagoma a rumfa. Bai ji zuwana ba. Ya ɗaga bonet ya tokare da sanda, ƙoƙon man shanu a hannun hagu, tsumma a dama, yana yi wa motar faɗa a hankali.

"Kin ba mu kunya jiya. Me aka rage ki da shi? Bargo, an ba ki. Mai, an ba ki. Maigida ya tafi a kan goɗiyar aro kamar ba shi da kowa."

Na yi gyaran murya na gaishe shi, na karɓi ƙoƙon kamar zan taya shi, na ce Inna na nemansa. Ban san abin da zan ce masa ba tukuna.

Alhaji ya dawo da azahar. Bai shiga cikin gida ba, ya zauna a zaure, ya sa aka kira ni. Baffa Isiyaku na gefensa, da liman, da wasu dattawa da suka zo yi masa gaisuwa. Baba Nagoma na tsugune a bakin ƙofa inda ya saba. Na durƙusa na yi masa ta'aziyya.

"Na ji ta tashi," in ji Alhaji. "Me ya same ta?"

"Ɓeraye ne suka cinye wayoyi, Alhaji. Wata ta tsinke, wata ta kwana tana shan batir."

"Ɓeraye," in ji Baffa Isiyaku. "Manyan motoci nawa ke kwana a sikeli a tsakiyar gyaɗa, ɓera bai ci wayarsu ba sai taka? Ilu, faɗi gaskiya. Ban da kai, wa ke taɓa motar nan?"

Tambaya ce mai kyau, kuma ita ce ni ma na makara ban yi wa kaina ba. Ban waiwaya bakin ƙofa ba. Na riga na auna abin tun a ƙarƙashin mota. Rantsuwa ta fita, dole wani ya bar gidan. Ni ina da sana'a a hannu da ƙafafu masu ƙarfi, ina da garin da na sani. Shi yana da ɗaki ɗaya a duniya.

"Baffa, mota amanar direba ce," na ce. "Na ga alamar ɓera tun kwanaki, na naɗe waya ɗaya ban bi sauran ba. Duk abin da ya same ta a wuyana yake."

Ban yi ƙarya ba a cikin wannan, ban dai faɗi duka ba. Liman ya gyara zama ya ce rantsuwar fushi tana da kaffara, a ciyar da miskinai magana ta wuce.

"Da bare ne, Liman, da na yi kaffara," in ji Alhaji. "Amma in na yi yanzu, gobe a kasuwa za a ce rantsuwar Alhaji tana aiki a kan kowa ban da ɗansa." Ya ɗago ya dube ni. "Na sayar da dawakina saboda na yarda da kai. Ka ajiye makulli."

Na ajiye shi a gabansa.

Na sha juya wannan magana tasa a raina. Da bare ne da ya yi kaffara. Wato da na faɗi sunan Baba Nagoma, mai yiwuwa da babu wanda ya bar gidan. Mai yiwuwa. Amma na san Baffa Isiyaku ba zai bar damar ta wuce ba, ko ba a ranar ba, kafin damina ɗakin ya zama na gyaɗa. Na kuma san tsohon. Mutumin da ya yi shekara hamsin ba a taɓa samun ƙaya a kofaton dokinsa ba, a ce a gaban liman shi ya hana maigidansa sallar Malam, ko an yafe masa ba zai iya haɗa ido da kowa ba. Da kansa zai naɗe tabarmarsa. Ban ce lissafina daidai ne ba. Shi ne dai wanda na yi, ina da shekara ashirin da 'yan kai, a durƙushe, mutane suna jira.

Saura abu ɗaya kafin in tafi, domin in na bar shi da ƙoƙonsa, wanda zai gaje ni zai gano abin cikin mako guda. Na sami Baba Nagoma a ɗakinsa da gwangwanin giris a hannuna. Na ja shi zuwa rumfa na ce masa wannan dabbar Turawa ce, nata man daban ne. Na nuna masa inda ake shafawa: maƙallan ƙofa, ganyen sifirin, kan batir kaɗan. Na nuna masa wayoyin na ce waɗannan jijiyoyinta ne, ba a shafa musu komai, ko ruwa. Zana kuma a riƙa buɗe ta da rana, bargo a riƙa kakkaɓewa. Ya saurara yana gyaɗa kai. Ya karɓi gwangwanin ya shinshina, ya yamutsa fuska. Sannan ya tsaya yana kallon sababbin wayoyin, ya daɗe.

"Ilu," ya ce, bai dube ni ba. "Ni ne?"

"Ɓeraye ne, Baba."

Ya juya gwangwanin a hannunsa.

"To," ya ce. "Ɓeraye."

Har yau ban san abin da ya fahimta ba, kuma bai sake tambaya ba.

Inna ba ta fito rakiya ba, al'ada ba ta ba ta wannan ba. Ta aiko mini da ƙullin dakuwa da kuɗin mota ta hannun ƙanwata. Da na leƙa in yi mata sallama, tana juye da baya ta ce da bango, "Allah ya san abin da kowa ya ɗauka." Ita ma ta riƙe maganar har kabarinta.

Sauran kun sani. Na koma Kano, na samu tuƙin motar majigi mai yawo ƙauyuka, wata rana mai bayani ya kwanta rashin lafiya aka miƙa mini lasifika, daga nan hanya ta kai ni gidan rediyo. Mutane sukan ce ai korar ta zame mini alheri. Ba na musu, amma ba haka ake auna ta ba. Alhaji ya ɗauki wani direba daga Kazaure, motar ba ta ƙara ƙin tashi da sanyi ba, kuma wannan ya tabbatar wa kowa cewa laifin nawa ne. Nakan zo gaisuwa da salla in sauka a gidan abokina, saboda rantsuwa. Alhaji yana karɓata da mutunci, yana sa mini albarka, an ce ma yakan tara mutane su saurare ni a akwatin rediyo. Amma bai ƙara ba ni amanar ko da akuya ba. Idan zancen Malam ya taso yakan yi shiru, ni ma in yi shiru. Sau da yawa na shirya faɗa masa, sai in ga tsohon na nan da rai a ɗakinsa. Da tsohon ya rasu kuma, sai na ga kamar in tona mamaci ne don in wanke kaina. Ina cikin wannan jinkiri Alhaji ya bi shi. Ya tafi yana ganin ɗansa na fari mai sakaci ne. Wannan shi ne kuɗin abin, kuma ban gama biya ba.

Baba Nagoma ya ƙara shekaru masu dama a ɗakin barga. Da sanyi ya rasu, aka aiko mini, na iso kafin a ɗauke shi. Bayan an dawo daga maƙabarta Baffa Isiyaku ya ce in duba ɗakin ko akwai abin da nake so kafin a share a zuba buhuna. Babu komai sai tabarma da buta, da gwangwanayen giris da aka sha siɗe su tas an jera a gindin bango. A can sama kuma, a jikin azara, linzamin Akawal ne a rataye. Mai sayen dokin ya zo da nasa, aka bar wannan. Na sauko da shi na lanƙwasa fatar a hannuna, ta yi laushi kamar jiya aka jeme ta.

Shi ne wanda Hadiza ta gani. Idan na tafi kada ku jefar da shi, kada kuma ku sa shi a akwati. Sanyi na shigowa ku sami man shanu ku shafe fatar da tsumma, ku bi ta kowane lungu. In kun gama ku rataye shi sama, nesa da bango, saboda ɓeraye.